Sha Takwas Bisa Ashirin

“Sake,” in ji Metir Youssouf.

Na danna. Lambobi shidan da ke fuskar kwamfutar suka ɓace, wasu suka fito. Ya gyara tabarau, ya bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya taɓa gilashin ba.

“Ƙarfi sha huɗu. Basira tara. Tara, Fa'iza. Ko rabin maki bai samu ba. Sake.”

Na sake dannawa. Tafin hannuna duk gumi, fankar ɗakin kuwa iska mai zafi kawai take juyawa, don watan Afrilu ne, kuma duk wanda ya san Garoua ya san abin da nake nufi.

Metir Youssouf, wato Malam Youssouf, maƙwabcinmu ne a unguwar Djamboutou, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin da huɗu yana koyarwa a firamare, kuma shi ya koyar da ni a ajin ƙarshe. Har yau da nake lise, wato sakandare, in ya kira sunana sai harshena ya sarƙe. Tun da ƙafafunsa suka kumbura ya daina fita, ɗansa Kamilu ya zo daga Douala ya bar masa tsohuwar kwamfutarsa, da wani wasa a ciki wanda ya ce shi ya hana shi barci yana jami'a. “Baba, akwai duniya guda a nan,” in ji shi. “Dazuzzuka, garuruwa, har da teku.” Metir bai taɓa ganin teku ba. Hannunsa yana rawa, ba ya iya riƙe abin dannawa, shi ya sa matarsa, Goggo Haoua, ta leƙo gidanmu ta ce a ara musu ni kullum in na taso daga makaranta.

Kafin a shiga duniyar nan, sai an ƙirƙiri mutumin da zai yi tafiyar. Kwamfuta tana ba shi maki a abu shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima, kwarjini. In bai yi maka ba, ka danna ta sake rabawa. Babu inda aka rubuta makin bisa nawa ne. Metir bai ma tambaya ba. A wurinsa duk wani maki na duniya bisa ashirin yake, kamar yadda yake a makarantunmu.

“Ba zan tura jaki cikin daji ba,” ya ce ranar farko. “Sai na ga ashirin a basira.”

Ya sa aka ɗauko masa littafin rubutu, ya ja layuka, yana shigar da makin kowane mutum da ya fito, sannan ya rubuta hukunci a gefe da jan biro. Wannan rago ne. Wannan ya maimaita aji. Muka yi kwana biyar a haka, ba mu wuce wannan shafin ba. In Kamilu ya bugo waya ya ce, “Baba, kun kai ina?” sai ya ce, “Muna tantance ɗalibai,” ya miƙa wa Goggo wayar.

Ranar Laraba a makaranta na ba ƙawata Solange labari. Ta ciro wayarta a ƙarƙashin tebur, muka bincika. Ashe wasan daga wani wasan tebur aka ɗauko shi, wanda ake yi da takarda da 'ya'yan lido. Kowane maki, 'ya'yan lido uku ake jefawa, masu ɗigo ɗaya zuwa shida, a haɗa.

“Uku sau shida nawa ne, hajiyar littattafai?” in ji Solange.

“Sha takwas.”

“To tsohon naki zai jira ashirin har Kogin Binuwai ya ƙafe. Je ki gaya masa.”

“Ke ba ki san shi ba.”

“Cizo yake yi?”

Da yamma na shiga da maganar a bakina. Na gaishe shi, na zauna, na buɗe baki. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa wanda ya ɗaga hannu a aji alhali bai san amsa ba.

“Da magana?”

“A'a, Metir.”

“To danna.”

Haka na yi ta dannawa kwana shida, ina sane. Na rubuta abin da zan faɗa a bayan littafin tarihi, na haddace, na gwada shi a gaban madubi, na gwada shi a kan mashin ɗin haya ina dawowa. Ina shiga ɗakin sai ya zube. Shi ma bai da sukuni: yanzu a tayar da shi zaune, yanzu a kwantar da shi, a sa matashi, a cire matashi, a buɗe taga, a rufe. Numfashinsa ya fara yin wata ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Amma “sake” ɗin nan ba ya fasa ta.

Ranar Talata ina wanke shinkafa a gindin katanga na ji Goggo Haoua tana gaya wa mahaifiyata, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, cewa likita ya ce kada a sake wahalar da shi da zuwa asibiti. An kira Kamilu. Zai hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, daga can ya shiga mota.

Na bar shinkafar a wurin. A lidon gidanmu ɗa ɗaya ne ya rage, sai da na je har gidan su Solange na aro biyu. Na shiga ɗakin Metir ba tare da na gama sallama ba, na zube su a kan faifan da ake ajiye masa magani.

“Mene ne wannan? Caca kika kawo mini?”

“Metir, makin nan... ba bisa ashirin ba ne.” Na nuna su da yatsa. “Waɗannan uku ake jefawa. Kowanne iyakarsa shida. Ba ya wuce sha takwas. Ashirin ba za ta taɓa fitowa ba.”

Ya miƙa hannu ya juya su da yatsa, ɗaya, biyu, uku, har kowanne ya nuna shida. Ya daɗe yana kallonsu.

“Tun yaushe kika sani?”

“Laraba.”

“Wadda ta wuce?”

“I, Metir.”

“Kika zauna kina dannawa kamar akuya.” Ya yi tari. “Ba ni littafin.”

Na ba shi. Ya yi ta buɗa shafuka da baya da baya har ya kai rana ta biyu. Ya tsaya. Na leƙa. Basira sha takwas, hikima sha bakwai, sauran ma babu na ƙasa da sha uku. A gefe, da jan biro, ya rubuta: zai iya yin abin da ya fi haka.

“Wannan ya cinye jarabawar duka,” ya ce a hankali. “Na kore shi.”

Goggo Haoua ta leƙo da kofin kunu, ta gan mu shiru, ta koma da abinta.

“Kamilu ya taɓa kawo mini sha takwas a lissafi,” ya ce, idonsa a kan littafin. “Yana aji huɗu. Da gudu ya shigo, ko takalmi bai cire ba. Na tambaye shi ina sauran biyun.”

Na kama gyara wayar caji.

“Ana iya dawo da wancan?”

“A'a, Metir. In an danna ya tafi.”

“To wa ke nan yanzu?”

Na karanta masa. Ƙarfi sha ɗaya, basira goma, kwarjini bakwai.

“Ɗauke shi.”

“Metir, bakwai fa.”

“Na ji. Ni kurma ne? Ɗauke shi.”

Kwamfuta ta nemi suna. Ya yi ɗan tunani, bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya.

“Rubuta Hamadu. Shekara uku ya yi mini a aji ɗaya. Yanzu tirela huɗu gare shi a hanyar Kuseri.”

Na rubuta. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, sannan wani gari ya bayyana, mai ganuwar dutse da ciyawa kore shar. Ga Hamadu nan ɗan mitsitsi, da sanda a hannu. Ba mu san me ake so mu yi ba. Muka shiga wani gida, aka kore mu. Muka sayi sulke, Metir ya ga wata lamba ta ragu maimakon ta ƙaru, ya ce an cuce mu, sannan ya tsaya ya dube ni.

“Ko wannan ma da abin da kika sani?”

“Ban sani ba, Metir. Amma zan bincika, in gaya maka gobe.”

“Goben nan, ba Larabar wani mako ba.”

Wani ɓera ya ciji Hamadu a rumbu, ya kusa kashe shi. Metir ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Goggo ta shigo tana faɗa da mu biyun. Daga nan muka bi hanya har bakin ƙofar gari. A waje ana ganin hanya ta yi kudu cikin itatuwa.

“Tekun ta can yake?”

“Ina jin haka.”

“Tsaya nan. Na gaji.” Ya rufe ido. “Kada ki kashe. Ba mu san yadda ake ajiye shi ba, kada ya ɓace shi ma.”

Washegari ina ajin turanci, da amsar sulken a rubuce a tafin hannuna, Allah ya karɓi ransa, wajen ƙarfe goma na safe. Kafin in dawo an kai shi. Kamilu yana cikin mota a lokacin, tsakanin Ngaoundéré da nan.

Tsakar gidan cike da mata a kan tabarmi. Na durƙusa gaban Goggo Haoua na yi mata gaisuwa, ta riƙe hannuna, ta sunkuyo.

“'Yata, shiga ki yi wani abu da abin nan. Tun safe tsuntsaye ke kuka a cikinsa, ni kuma ina tsoron taɓawa.”

Na shiga. An naɗe katifar an jingina ta da bango. Kwamfutar tana kan kujera inda muka bar ta. Na rage muryar har tsuntsayen suka yi shiru, na duba wayar caji, na zauna a ƙasa. Hamadu yana tsaye a bakin ƙofar gari, fuskarsa ta kudu. Lokaci-lokaci sai ya sauya ƙafa, ya mayar da sandar ɗaya hannun.