Zanen da Ke Wuyan Keken Marigayi

Auta ya sake komai a keken mahaifinsa: tayoyi, sarƙa, birki, har da kariyar da za ta ɗauki jakunkuna biyu. Kan keken ne kawai ya hana a taɓa. Yana nan yadda marigayi ya bar shi, a ɗage sama, ƙahonninsa sun karkato baya.

Burinsa ya bi hanyar kwana uku da mahaifinsa ke bi kowace shekara zuwa garin da aka haife shi. Sai dai ranar gwaji, awa biyu kacal ya yi yana tuƙi, wuyan hannunsa ya sage, ƙugunsa ya riƙe. Mutum mai shekara arba'in da biyu ya dawo gida yana tura keke, matarsa na dariya a bakin ƙofa. Washegari ya kai shi shagon tsohon mai gyara, aminin marigayi, wanda tun yana yaro yake ce wa Kawu.

Shagon bai canza ba. Tsofaffin tayoyi rataye a ƙusa, gwangwanin giris, da bencin nan mai ƙafa uku da bulo. Kewa ta kama Auta, don a kan bencin nan ya sha zama yana kaɗa ƙafa, mahaifinsa da Kawu na gardama.

"Kawu, ka duba min sirdi. Amma kan nan, don Allah kada ka taɓa."

Tsohon ya matso kusa da keken. Shi ba ya awo da tef. Ya kama hannun Auta, ya jingina gwiwar hannun a bakin sirdi, ya miƙar da yatsun zuwa gaba, ya ƙura ido.

"Sirdinka lafiya lau. Kan ne ke cin ka."

"Haka Baba ya daidaita shi da jikinsa. Shi kaɗai ya rage min yadda ya bar shi."

"Da jikinsa?" Kawu ya yi dariya har da tari. "Wa ya faɗa maka? Ai wannan awonka ne, sarkin kuka. Kana ɗan shekara huɗu, in ya ɗauko keke sai ka faɗi ƙasa kana birgima. Ya zo nan ya ce in ɗage kan, in karkato shi, don ka zauna a sandar gaba, hannuwansa su zagaye ka ba tare da haɓarsa ta bugi kanka ba."

Auta ya shafa sandar. Ya tuna tawul ɗin da ake naɗewa a sandar, da numfashin mahaifinsa a bayan kunnensa in sun hau tudu.

"To da na girma fa?"

"Na yi magana har na gaji. Duk tafiyar da ya dawo sai ya shigo yana murza wuyan hannu. In ce kawo in mayar maka, ya ce bari dai, wata rana. Taurin kai irin na gidanku." Ya goge wuyan keken da tsumma. "Sunkuyo ka gani."

Can a jikin ƙarfen, yatsa uku sama da inda ya shige, akwai wani siririn zane da aka yi da ƙusa.

"Ni na yi shi ranar da na ɗage. Nan ne awon babanka."

Auta ya daɗe yana kallon zanen. Abin da ya yi ta karewa ashe wahalar da aka sha dominsa ce, kuma kunya da ƙauna suka haɗu suka rufe shi. Ya ɗauki sufana da kansa, ya miƙa wa tsohon.

Notin ya yi gardama, sai da aka ɗiga masa mai. Kawu ya buga sau biyu da guduma, wuyan ya sauka har zanen, ya daidaita ƙahonnin, ya ɗaure.

Auta ya hau, ya tuƙa zuwa ƙarshen layi ya juyo. Tafukansa sun zauna daram, kafaɗunsa sun saki, babu inda ke ja. Da ya tunkaro shagon sai ya ga Kawu ya miƙe tsaye, sufanar na hannunsa, bakinsa a buɗe.

"Lafiya, Kawu?"

Tsohon ya share ido da bayan hannu.

"Sake zagayowa, ɗana. Kamar babanka ne ya taso. Shekara talatin da takwas rabona da ganinsa kan keken nan a haka."