Shatin Hannun Mama a Tiren Alhamis

A unguwarmu ta Testaccio, Alhamis ranar nyoki ce ko da makoki ake a gida. Namu na tsakin alkama ne. Mama takan ɗora madara, in ta fara tafasa ta riƙa barbaɗa tsakin tana tuƙawa da muciya ba tsayawa, don in aka saki hannu gudaji yake yi. In ya yi kauri ta sauke, ta zuba man shanu da gwaiduwar ƙwai da cuku, ta juye shi yana tururi a kan teburin farin dutse da ta gada wurin kakata, ta baje da jiƙaƙƙiyar wuƙa. Sai ya huce ya daskare ake yanka shi da bakin kofi, zagaye-zagaye kamar waina. Gutsattsarin da suka rage a shimfiɗa su a ƙasan tire, kyawawan a jera su a sama su rufe.

Babu mai tanderu a benenmu. Kowace mace takan kai tirenta gidan burodin Sora Cesira a gasa mata, kuma kowace da alamar da take yi wa nata don kada a sami musanya. Wata ta tsaga gicciye, wata ta soka reshen ganye. Mama, Nunzia, ɗigo biyu take yi da kan yatsa a gefe, ƙanana, sai ka duba sosai.

Otello mijin Mama ne, mahauci a babbar mayankar da ke bayan layinmu. Ya shigo gidan bayan rasuwar mahaifina, kuma ban taɓa kiransa Baba ba. Tun shekarar farko ya fara dukanta. Duk benen sun sani, bangon ba shi da kauri. Amma a wurinmu ba a shiga tsakanin mace da mijinta sai ita ta buɗe baki, Mama kuwa kullum ko dai ta faɗi a matakala ko ta yi karo da ƙofar kabad. Sora Cesira takan kalli kumburin idonta ta ce, "Nunzia, wannan kabad ɗin naku na da hannu, ko?" Mama ta yi dariya ta karɓi tirenta.

Ni ma na sha nawa. Da na shiga kwalejin horon malamai sai ya raɗa mini Farfesa, ya ce mace mai karatu ba ta da maraba da akuya mai tabarau. Ya taɓa yaga mini littafi ya naɗe hanta a cikin takardun. Ya taɓa marina har kunnena ya yi mako yana ƙara. Ban taɓa yi masa kuka ba. Nakan tsaya in kalle shi cikin ido har ya gaji, wannan kallon kuwa ya fi komai ƙona masa rai. Ranar Alhamis ya fi son taɓa Mama, don ya san hannunta biyu na kan tukunya, ba za ta kare fuska ba, ba kuma za ta saki muciya abincin ya lalace ba.

Wannan Alhamis ɗin ina gida, muna hutun shirin jarrabawa. Ya dawo daga mayanka da hantsi, rigarsa duk jini, bakinsa na warin giya. Mama ta gama juye tuƙin ke nan a kan dutse, tana bajewa. A gefe akwai kofin gilashi mai kaurin gindi, wanda mahaifina yake sha da shi yana raye. Tun rasuwarsa yankan nyoki kawai ake yi da shi.

Otello ya dire kwalba a teburin ya ce, "Miƙo mini wancan."

Mama ta ce, "Ga naka nan a kan kanta, Otè. Wannan na yanka ne."

"Na yanka ne ko na marigayi ne? A gidan nan matacce ya fi ni daraja, ko?"

Na ɗago daga littafina na ce, "Ko a kabari ya fi ka."

Ya juyo yana murmushi. "Ah, Farfesa ta yi magana. Nunzia, kin ji abin da ake koya mata?" Bai nufo ni ba. Ya san inda zai taɓa in ji zafi. Ya cafki hannun Mama na dama ya kifa tafin a tsakiyar tuƙin, ya danne da nasa hannun, ya hau da dukan nauyinsa. Tuƙin tsaki da madara ya fi tafasasshen ruwa mugunta, manne wa fata yake. Mama ta buɗe baki, sautin bai fito ba.

Na ɗauki muciya na sauke masa a ƙeya. Ya saki hannunta, ya juyo yana yarfe nasa yatsun da suka ƙone, ya naushe ni a baki. Na bugu da murhu, na tashi, ya ƙara mini a ido. Ya kama gashina ya buga goshina da gefen teburin. Na ji ɗumi na gangarowa ta gira. Na sake miƙewa, na tsaya ina kallonsa. Ya ɗauki kofin mahaifina ya maka da bango, ya tarwatse.

Ya ce, "Yanzu ku yanka da haƙoranku. In an buga ƙararrawar tsakar rana ina son nyokina a gabana." Ya shige ɗaki da kwalbarsa, gado ya yi ƙara.

Na tsoma hannun Mama a bokitin ruwa, na wanke abin da ya manne. Fatar tafin ta yi fari ta tashi. Na naɗe da tsumma mai tsabta. Ko zama ba ta yi ba, ta lalubi wuƙa da hannun hagu ta jiƙa ta, ta nufi teburin.

A tsakiyar tuƙin ga shatin hannunta nan, ya lotsa har dutse na leƙowa, yatsu biyar a warwatse. A gaban yatsun ga ramukan na Otello, masu kauri, sun zarce nata.

Ta ce, "Bari in shafe tun bai daskare ba."

Na riƙe wuyan hannunta. "Ki bar shi."

"Velia, sakar ni. In ya huce ba zai gyaru ba."

"Shi nake jira, Mama."

"Ke kin yi karatu, gobe ki kama aiki ki tafi. Ni ce zan zauna a unguwar nan ana nuna ni da baki."

"An daɗe ana nuna ki. Kin zaci akwai wadda ta yarda da zancen kabad? Yau hannu ne. Wata Alhamis ɗin fuskarki zai tura a tukunya."

Ta yi ta ƙoƙarin ƙwacewa, ni kuma na tsaya tsakaninta da teburin, jini na ɗiga a rigata. Ta zage ni, ta ce taurin kan ubana na ɗauko, ta roƙe ni da sunan kakata. Ban matsa ba. Muna nan a haka tururin ya ɗauke, saman tuƙin ya yi fata. Na taɓa da yatsa na ji ya kama. Mama ta saki wuƙar ta zauna a kujera, ta rungume hannunta a ƙirji.

Na shafe tire da man shanu. Na yanka gefe-gefen tuƙin na shimfiɗa a ƙasa. Tsakiyar kuwa na zagaye ta da wuƙa, na zura faifan ƙarfe ta ƙarƙashi na ɗago ta ɗungurungum, na ɗora a sama. Na barbaɗa cuku a gefe kawai, don kada ya cike ramukan. Ban wanke fuska ba, ban yafa komai ba, ban rufe tiren da ƙyalle ba.

Mama ta ce, "In kin fita da wannan, kada ki ce ni na aike ki."

Na ce, "To."

Gidan burodin cike yake da mata, kowace riƙe da tirenta, ana ta shewa a kan wata da ta manta gishiri. Da na shiga surutun ya mutu daga bakin ƙofa zuwa ciki. Sora Cesira na tsaye gaban tanderu da dogon sheburinta na katako, damatsanta duk gari. Ta kalli fuskata, ta kalli tiren.

Ta ce, "'Yar nan, wace irin alama ce wannan?"

"Tamu ce, Sora Cesira. Ki gasa shi haka, Otello zai ci da tsakar rana."

Ta sunkuya ta auna yatsanta a ɗaya daga manyan ramukan. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye a ƙirji. Sora Cesira ta ce, "Na ga hannu biyu. Amma ke 'ya ce, Velia. Matarsa me ta ce?"

Na tsaya da tire a hannu, idona ɗaya ya rufe, na ji kamar duk dukan da na sha ya tafi a banza. Sai na ga matan bakin ƙofa suna darewa. Mama ce, ko takalmi ba ta sa ba. Ta zo har gaban tiren, ta warware tsumman da haƙori, ta ɗaga tafin ta riƙe shi a saman shatin, yatsa a kan yatsa.

Ta ce, "Ba faɗuwa na yi ba, Cesira. Ban taɓa faɗuwa a matakalar nan ba."

Sora Cesira ta karɓi tiren ta tura cikin tanderu, ta rufe. Ta ce da mijinta, "Ka kula da wannan, kada ya ƙone." Ta saɓa sheburin a kafaɗa ta fita, matan suka ajiye tirensu a kan kanta suka bi ta.

Otello na kwance yana minshari suka same shi. Sheburin ya sauka a haƙarƙarinsa kafin ya buɗe ido. Ya tashi yana zagi, ya kai wa wata naushi ta faɗi, sauran suka rufe shi da takalman katako da marfin tukwane. Matar mai gyaran keke ta fasa masa hanci da dutsen guga. Ya yi ta kiran Mama, "Nunzia, gaya musu, gaya musu tsautsayi ne." Mama na tsaye a ƙofar kicin tana kallonsa. Suka ja shi ta ƙafa har bakin matakala.

Sora Cesira ta ce, "Sor Otello, an ce matakalar nan na da santsi. Gwada mana mu gani." Ta tokare shi da sheburin, ya gangara har ƙasa, kansa na bugun kowane hawa. Na kwaso wuƙaƙensa da rigunansa na watsa ta taga. Mazan layin suna zaune a ƙofar shagon giya, abokan aikinsa a cikinsu, babu wanda ya tashi. Ya rarrafa ya tsinci takalminsa ɗaya, ya ɗaga kai ya ce zai dawo ya yanka mu. Na leƙo na ce ƙofa a buɗe take, kuma gidan burodi bai tashi daga inda yake ba.

Bai sake hawowa benen ba. An ce ya koma wurin ɗan'uwansa a can bayan gari.

Mijin Sora Cesira ya kawo mana tiren da kansa. Saman ya yi ja, man na tsatsafowa a cikin ramukan yatsun. Ban zaci Mama za ta iya kallonsa ba, sai ga shi ta jawo kujerar da Otello yake zama, ta ɗauki cokali mai yatsu da hagu, ta gutsuro ɓawon saman, wanda shi kaɗai ke ci tun da ya shigo gidan. Ta tauna a hankali.

Ta ce, "Kin yi rowar cuku."

Ni ban iya ci ba, leɓena ya kumbura. Yatsun Mama biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, don haka tun daga ranar ni ke tuƙin Alhamis kafin in tafi makaranta, ita kuma ta yanka da murfin gwangwani.