Hoton Gada na Shibasaki

Shekara arba'in Kuramochi yana neman hoton nan: gada cikin dusar ƙanƙara, mace ɗaya da lema. Bugun katako ne, irin da ake sassaƙa zane a katako, a shafa launi, a buga a takarda. Bugun farko yake so, wanda aka yi kafin gobarar girgizar ƙasar Tokyo ta ƙone katakan asali. Wanda ke gidansa na baya ne, daga katakon da aka sake sassaƙawa.

Ranar taron wata-wata na masu tara hotuna, a benen wani shagon tsofaffin littattafai da ke unguwar Kanda, sai ga Shibasaki da shi. Shibasaki fa! Mutumin da ya fara tara hotuna shekaran jiya, bayan ya bar aikin jirgin ƙasa.

"A akwatin surukata na tsinto shi," in ji Shibasaki, yana washe baki. "Duba mana, Malam. Idonka ne alƙalinmu."

Kuramochi ya goge hannu, ya ɗaga takardar da yatsu biyu. Ya juya bayanta. Sawun faifan da ake murza takarda da shi a kan katako ya fito zagaye-zagaye, shuɗin ya ratso har baya. Ya duba hatimin mai bugawa a gefe: ƙaramin ne, na da. Ya ƙirga tsinken lemar. Tara. Na katakon baya takwas ne.

Mutum shida sun ajiye shayinsu suna jiransa.

"Na baya ne," ya ce. "Irinsa sun cika gari."

Shibasaki ya sosa ƙeya, ya yi dariyar yaƙe. "Ai dama! Ni da sa'a ba ma ga maciji. To shi ke nan, na huta da lallaɓa shi. 'Yata na neman abin da za ta rataya a shagon taliyarta. Akwai wani firam a gida, ya ɗan yi kaɗan, sai in rage gefen."

"Ka rage me?"

"Farin gefen nan mana. Wa zai kalli hatimi yana shan romo?"

Ya juya ga mai shagon. "Iwase, ara min almakashi, in gama da shi tun ina nan."

A ransa Kuramochi ya hango tururin tukunya yana bin takardar kullum, shuɗin yana koɗewa. Iwase ya miƙo almakashi. Shibasaki ya saita bakinsa daidai kan hatimin.

"Ajiye!"

Kowa ya dube shi.

"Ajiye, na ce, kai wawan tsoho. Na farko ne."

"Yanzu fa ka ce..."

"Na san abin da na ce."

Iwase ya karɓi almakashinsa a hankali, bai ɗaga kai ba. Shibasaki ya mayar da hoton cikin takardarsa, ya rungume a ƙirji.

A taron watan da ya biyo baya, wani ya zo da hoton tafki. Ya wuce ta gaban Kuramochi, ya miƙa wa Iwase ya duba masa.