Na'urori Biyu a Bayan Bandar Attahiru

Attahiru mai bandar kifi irin mutanen nan ne da in ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. To, bare a ce za a kafa abin auna iska a bangon asibiti, taku ashirin daga inda yake ƙyafe kifinsa.

Bandar gadon ubansa ce, tun lokacin da aka datse ruwan Goronyo kifi ya wadata. Ɗan asibitin ƙauyen shi ya zo ya tarar da ita. Amma ga shi Sista Monica, mai kula da asibitin, ta kai kuka gaban kwamitin lafiya cewa tari ya yi yawa a unguwar, kuma hayaƙi take zargi. In maganarta ta tabbata, za a tashi bandar a mai da ita bayan gari, inda masu sarin kifi ba sa ko leƙawa. A wurin Attahiru wannan daidai yake da a ce ya naɗe sana'a.

Abin da ke hannun kwamiti bai taka kara ya karya ba. Sai wani mai shago a Sakkwato ya ba da aron na'urori biyu masu araha, fara da baƙa, kowacce ba ta fi gwangwanin madara girma ba, a gwada mako guda a zaɓi ɗaya. Aka jera su a bangon baya, ƙarƙashin rufin kwano. Duk abin da suka shaƙa yana fitowa a wayar Sista: kore lafiya, ja ba lafiya.

Da rana bakinsu ɗaya. Da la'asar kuwa, da zarar Attahiru ya hura wuta, sai baƙar ta yi ja wur, farar tana nan kore shar.

Attahiru bai ɓata lokaci wajen nemo mai laifi ba. Wa ya je Sakkwato ya ɗauko na'urorin? Lauwali mai albasa. Wa ya shekara biyu yana zagaya filin bandar yana cewa zai yi kyau da rumbunan albasa? Lauwalin dai. Kuma an ga Sista ta karɓi kyautar kwandon albasa daga hannunsa. Biri ya yi kama da mutum.

"Baƙar ga an yi mata huɗuba tun Sakkwato," in ji shi a majalisa. "In ko ba haka ba, akwai mai hura mata hayaƙi ga hanci."

Rana ta biyar ya jira Sista ta rufe asibiti ƙarfe huɗu, ya bar wutarsa tana ci, ya zagaya ta bayan katanga da sanɗa. Ya kuwa kama mutum. Baba Mode ne, tsohon maigadin asibitin, tsaye a kan benci. Amma ba baƙar yake taɓawa ba. Farar yake zura wa leda, yana ɗaure bakinta da roba tamau.

"Baba, mi kaka yi nan?"

Tsohon ko gezau bai yi ba. "Kayan aro na, Attahiru. In hayaƙinka ya baƙanta hwarar ga, da wane ido za mu kallon mai ita? Ita waccan ko ta yi dauɗa ba a gani. Da sahe in kwance in goge ta kahin Sista ta taho."

"Sista ta sani?"

"Mi za ni hwaɗa mata? Wanda ya ari tabarma, shi ka kakkaɓe ta."

Attahiru ya ɗaga kai ya dubi ƙananan hujojin da ke gindin baƙar, inda take jan iska, ya dubi ledar. Bai yi boko ba, amma ya san abin da aka toshe wa hanci ba ya jin wari. Ashe baƙar ce mai gaskiya. Ransa ya ɓaci, har da ɗan haushin rashin samun Lauwali da hannu a ciki. Ya ƙare wa tsohon kallo ko tarko ne, bai ga komai ba sai goro a haƙora.

"Allah shi saka ma, Baba," ya ce. "Ka san darajar kayan mutane."

Ranar Asabar kwamiti ya zauna a gindin darbejiya. Sista Monica ta ce hankalinta bai kwanta ba, na'ura biyu a wuri ɗaya bai kamata su saɓa haka ba, a ƙara mako guda. Attahiru ya miƙe ya ce ƙarin mako na mene ne, ai kowa ya ga wadda ke da natsuwa da wadda ke firgita da ƙaurin girki. Rabin mazauna wurin suna ci daga kifi, saboda haka kawuna suka yi ta gyaɗawa. Lauwali ma ya ce farar ta yi masa, abin da ya sa gaban Attahiru ya faɗi kaɗan, ya yi ta juya maganar bai ga inda aka ɓoye ƙugiya ba.

Don ya toshe kowace ƙofa, sai ya kawo sharaɗi. A rubuta, in ji shi, duk abin da farar ta nuna cikin wata guda shi ne hukunci, kada wani ya sake ta da magana.

"Ka tabbata, Malam Attahiru?" Sista ta tambaye shi, tana kallonsa cikin ido. "In ta yi ja, banda za ta tashi."

"Ni na ce a rubuta."

Aka rubuta, ya dangwala yatsa. Aka kwance baƙar aka sa a kwali, aka biya kuɗin farar.

Da la'asar, kafin ya hura wuta, ya ce bari ya leƙa. Ya tarar da Baba Mode a kan tabarma yana sauraron rediyo. Farar tana bango tsirararta.

"Baba, yau ba ka ruhe ta ba."

"Ai ta zama tamu yanzu," in ji tsohon. "Wa za mu jin kunya? Ta sha hayaƙinta kamar kowa."

Attahiru ya ɗaga kai ya dubi farar. In ya ce a rufe ta, Baba Mode zai tambayi dalili, kuma tsohon ba ya ƙarya, ba ya riƙe magana. Tsoro ya kama shi, irin wanda babu wanda zai ɗora wa laifinsa.

Kwando shida masunta suka kawo ranar, kuma ɗanyen kifi ba ya jira. Ya koma ya durƙusa ya hura wutar da hannunsa.