Lodin Gajere

Simeon ya murɗa makulli, motar ɗaga kaya ta yi shiru. Ko ɗan hasken nan na gaban sitiyari bai kawo ba.

Shi ke tuƙa ta a injin casar shinkafa da ke bakin garin Wurno, inda manoman da ke ban ruwa da dam ɗin Goronyo suke kawo amfaninsu. Da batir take aiki, kuma da safe a cike ya cire ta daga caji. Ga babbar motar Gajere direba a ƙofar sito, lodi bai kai rabi ba, an kuma idar da azahar. Leburori duk sun tafi fadama girbi.

Gajere ya leƙo, hula a hannu. "Mi anka yi, Malam Simeon?"

Simeon ya ce a ɗan ba shi lokaci. Gajere ya tuna masa cewa Rabah zai kai kayan, kuma tun da 'yan bindiga suka fara tare hanya ba mai bin ta da yamma. Kwana kuwa ba zai yiwu ba, ya bar mahaifiyarsa kwance ba lafiya.

Simeon ya ja jan maɓallin nan na tsayar da mota, ya sake murɗawa. Shiru. Ya zare filogin batir, ya goge bakinsa, ya mayar. Ya duba fis, lafiya lau. Gumi ya jiƙe masa riga, bini-bini yana satar kallon inuwar sito da ke miƙewa.

Ya kira Mainasara, makanikin da ke zuwa musu daga Sakkwato. Layin yana yankewa, amma ya tsinci maganar: ya buɗe murfin ƙarƙashin sitiyari, ya bi siririyar wayar da ta fito daga makulli.

Yana kwance murfin wani ɓera ya yi tsalle ta kan hannunsa. Ciki cike da ƙaiƙayi, waya kuwa an gwaguye ta har ta rabu. Ya fere bakunan wayar, ya haɗa, ya naɗe da salatif. Da ya murɗa makulli, haske ya kawo.

Duk saurin da ya yi, sai da aka kira la'asar kafin buhun ƙarshe ya hau.

"Ka kwana, Gajere, don Allah," in ji Simeon.

"Ba ni iyawa. Ka yi mini addu'a dai."

Ya ja mota ya fita. Simeon ya zauna kan buhu da waya a tafin hannu. Aka aiko masa abinci daga gida, bai buɗe kwanon ba. Ya kira Gajere, ba ta shiga ba. Ya sake kira, haka.

Ana shirin magariba wayar ta yi ƙara. Gajere ne. Ya ce ya tarar da motar sojoji a mararraba, ya bi bayansu har cikin gari.

Simeon ya yi godiya ga Allah, ya tashi ya rufe sito. Sannan ya koma ya buɗe kwanon abincin.