Wa Ya Tsayar da Jirgin?

Auta na cikin daidaita na'urar ɗaukar magana a kan tebur, kakanta ya sake tambayarta wa aka ajiye wa kujera ta biyu.

"Baƙo ne, Kaka."

"Baƙon ba shi da suna?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Digiri na biyu take yi a sashen tarihi, bincikenta kuwa a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ne, wanda aka yi tun mahaifiyarta na goye. Sauran babukan kundinta sun wuce lafiya. Na ƙarshen ne Farfesa ya dawo mata da shi, ya sha jan biro kamar an yanka kaza a kansa. Cikin waɗanda aka yi abin da su, mutum biyu suka rage a raye: kakanta, tsohon direban jirgi, da wani dattijo da ake kira Mai Tuta, wanda a da shi ke ba jirage hannu a tasha. Kowannensu ya rantse mata shi ya tsayar da jirgin farko ran da aka fara yajin. A kan wannan magana ce ba sa ga maciji tun kafin a haife ta.

"Ki haɗa su wuri ɗaya," in ji Farfesa. "In ba haka ba, kundin nan ba zai je gaban kwamiti bana ba."

Mai Tuta ya shigo yana dogara sanda. Kaka ya dube shi sama da ƙasa.

"Au, yau kuma falona ya zama tasha?"

"Ba wurinka na zo ba. Wurin mai ilimin gidan na zo."

Auta ta yi maza ta kunna na'ura, ta yi tambayarta cikin ladabi. Ko rufe baki ba ta yi ba.

"Ni na ja birki!"

"Ka ja birki don ka ga jar tutata. Da can jirgi haka kawai yake tsayawa?"

"Wannan tsummar? Ko akuya ba za ta tsayar ba!"

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin tana toshe baki da mayafi. Mai Tuta kuwa ya lalubi sandarsa ya fara miƙewa. Auta ta ga digirinta zai bi shi ya fita. Ba ta san sanda ta jawo kwafin tsohuwar jaridar da ta samo a ma'adanar tarihi ba.

"Baba, kafin ka tafi, ga abin da jarida ta ce a lokacin." Ta karanta da ƙarfi: ma'aikatan sun koma bakin aiki don kansu da yunwa ta ishe su, yajin bai tsinana komai ba.

Mai Tuta ya koma ya zauna a hankali.

"Wane ɗan banza ne ya rubuta wannan?" in ji Kaka.

"Yunwa? Mu? Direba, gaya mata yadda manaja ya zo da hularsa a hannu!"

"Yana zufa kamar an tsamo shi a rijiya!"

Shi ke nan, bakin ya buɗe. Wannan ya ɗauko, wancan ya ƙarasa: yadda matansu suka kafa tukwane a harabar tasha, yadda wani Dogo mai zuba gawayi ya kwanta a kan layin dogo ya ce sai dai a bi ta kansa. Suka yi dariya har da hawaye. Da aka zo lissafa waɗanda suka riga su gidan gaskiya, muryoyin suka yi ƙasa, Kaka ya tura wa Mai Tuta kofin shayi ba tare da ya dube shi ba. Auta dai rubutu take yi har yatsunta suka ƙage. Ta samu abin da ya fi babi guda, ta kuma yanke shawarar za ta rubuta maganar kowa yadda ya faɗe ta.

Washegari ta fito za ta jami'a, ta tarar da Kaka a ƙofa, ya sha wanka, har da turare.

"Ina zuwa haka, angon ƙarni?"

"Ki sauke ni gidan mutumin nan," ya ce yana gyara hula. "Akwai ƙaryar da ya shara jiya, ban gama gyara masa ba."