Mataki Na Tara

Shekara goma sha tara ina buga takardu a ofis, kuma da abu ɗaya nake tinƙaho: ba na kallon allo. Malamar da ta koya mana tafireta da rula take bin duk wadda ta ɗago kai. Ido a kan takarda, yatsu su yi aikinsu. Haka na saba, har ana kawo sababbin ma'aikata su ga hannuna.

Da aka zaɓe ni kwas ɗin koyon rubuta manhaja, sai aka turo mana takarda mai matakai goma sha biyu, aka ce kowa ya shirya kwamfutarsa kafin Litinin. Ni ba ni da ta hannu, sai na je aron ta Yaya.

"Auta," ya ce, bai saki jakar ba tukuna, "ki yi duk abin da za ki yi. Amma akwai fayil ashirin da uku a ciki, muryar Inna ce da na ɗauka a asibiti. Wayar da na ɗauka da ita ta lalace tuni, babu kwafinsu a ko'ina."

"Haba Yaya, ni za a koya wa kwamfuta?"

Asabar da hantsi na zauna a teburin falo, na jingina takardar da kofin shayi, na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni a ciki. Aikin ma raina shi na yi. Layi goma sha biyu, ni da nake buga shafi arba'in kafin azahar? Na kafa ido a takarda na saki yatsu, ina gama layi ina danna maɓallin shigarwa.

Ina mataki na goma sha ɗaya fankar kwamfutar ta fara huci, na ɗago kai. Can sama, ƙarƙashin mataki na tara, akwai jan rubutu. Ashe kwamfutar ta tsaya ta tambaye ni ko ta goge duk abin da ke cikinta ta zuba sabon tsarin, ni kuwa na amsa mata ban sani ba, na wuce abina. A ƙasa lambar da ke nuna inda aikin ya kai tana hawa: saba'in da ɗaya, saba'in da biyu.

Na danne maɓallin kashewa da yatsa biyu har allon ya mutu. Da na sake kunnawa babu komai sai wani ɗan farin layi yana ƙifta min ido.

A lokacin waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"Yau da kewar Inna na tashi," ya ce. "Zan biyo bayan la'asar mu saurare ta tare. Ke fa ba ki taɓa ji ba."

Na ce Allah ya kawo shi, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Shagon mai gyara yana ƙarƙashin wani bene, ko'ina gawar kwamfuta ce da warin dalma. Mutumin ya cire faifan ajiyar ya haɗa da tasa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, ba ta tambaye ki ba?"

"Ta tambaya."

"To me kika ce mata?"

"Ban gani ba. Idona na kan takarda."

Ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskata, ya fasa. Ya ce sabon tsarin ya riga ya hau kan tsohon, sai dai a tona a ga abin da ya yi saura. Awa uku ina kan benci ina jan duk addu'ar da na iya. Sunayen fayilolin suka dawo duka, har na fara hamdala. Ya kunna na farko, sai shuuu. Na biyu ma haka. A cikin ashirin da uku, ɗaya ne ya ce akwai magana a ciki, na ce kada ya kunna min. Ya zuba shi a filashi, na dawo gida.

Yaya ya zo da fara'arsa, ya cire hula ya zauna a kujerar Inna da na ɗauko bayan rasuwarta. Tun a hanya na shirya abin da zan faɗa masa, amma da na ga yadda ya gyara zama sai na fasa. Na ce kwamfutar tana tsakiyar aiki, na sa filashin a rediyo.

Muryar Inna ta fito a shaƙe, tana ja da numfashi.

"Ina Auta? Au, tana can tana aikin ofis. Auta, ɗago kai ki dube ni mana."

A bayan muryar ana jin ƙarar maɓallan kwamfutar ofis da nake zuwa da ita asibitin, tas-tas-tas, ba tsayawa. Sai na ji tawa muryar:

"Ina zuwa, Inna. Saura layi ɗaya."

Fayil ɗin ya ƙare. Yaya ya share ido da bayan hannu yana murmushi.

"Kin ji ki ko? To, sa mana na gaba."

Na ɗago kai na dube shi.